Fatar Jaki: Wasu Na Cin Riba, Mata Na Ɗaukar Kaya

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da sanyin safiya ya san wanda ke riƙe da tattalin arzikin talakan gundumar Madarunfa. Jaki ne ke kai taki gona, shi ke kwaso gero da kara bayan girbi, shi ke jan amalanken albasa da tumatir daga Jiratawa zuwa kasuwa, shi ke ɗebo ruwa da itace a Gabi da Safo da Sarkin Yamma. Wannan dabba da ake zagin mutum da sunanta ita ce yau wasu attajirai suka sa wa ido, kuma abin da suke so a jikinta fata ce kawai.

Asalin maganar daga ƙasar Sin take. Can ana dafa fatar jaki har ta narke ta zama wani danƙo da ake kira ejiao, ana sayar da shi da tsada a matsayin maganin ƙarin jini da gyaran jiki. Kamfanonin lardin Shandong sun cinye jakunan gida: daga miliyan 11 a farkon shekarun 1990, suka koma ƙasa da miliyan 2. Da na gida suka ƙare, sai aka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka jakuna kusan miliyan 6 kowace shekara domin wannan ciniki.

Nijar ta ji a jikinta tun da wuri. A 2015 an fitar da jakuna 27,000 daga ƙasar. A 2016, tun shekara ba ta ƙare ba, adadin ya kai 80,000. Jakin da ake saya kusan jika 20 ya haura jika 80. A watan Satumba na shekarar gwamnati ta hana fitar da jakuna, wata guda bayan Burkina Faso ta yi haka. Sai a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Adis Ababa da hana yanka jaki domin fatarsa a nahiyar baki ɗaya. Nijar ba ta zauna a taron ba, domin an dakatar da ita tun Agustan 2023, amma ta riga su da fiye da shekara bakwai.

To, sai dai tusa ba ta hura wuta. Dokar da aka sa wa hannu a Yamai ba ta tsare iyaka da kanta. Tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, da kuma cikin dajin Baban Rafi, hanyoyin ƙafa sun fi jandarmomi da ƴan duwan yawa. Sanin kowa ne cewa jakunan Sahel na shiga kasuwannin arewacin Najeriya, irin su Maigatari, a loda su a manyan motoci zuwa mahautan kudu. Suna kwana da kwanaki a cushe, babu ruwa babu ci, domin mai neman fata bai damu ko dabbar ta isa da rai ba. A Satumban 2022 ma'aikatan kwastan na Najeriya sun kama al'aurar jakuna 7,000 a filin jirgin saman Legas, za a kai su Hon Kon. Kowace ɗaya jaki ce da aka raba da wani gida.

Masu kare cinikin suna da hujja biyu, kuma duka biyun ba su tsaya da ƙafarsu ba.

Ta farko, wai tausayin dabba al'adar Turawa ce, irin ta masu zanga-zanga a kan rigunan gashin dabbobi da ɓerayen da ake gwajin magani a kansu. Gaskiya ne fafutukar can ta yi tasiri: Birtaniya ta zartar da dokar hana kiwon dabbobi domin gashinsu a 2000, Tarayyar Turai kuma ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi a 2013. Amma manomin Madarunfa bai jira Landan ta koya masa darajar jaki ba. Tun ranar Haibara aka hana Musulmi cin naman jakin gida, kuma zaluntar dabba laifi ne da kowane almajiri ya ji a makarantar allo. Baturiyar da ta rasa rigar gashi za ta sa wata. Matar Gabi da ta rasa jaki, kanta ne zai koma amalanke, ƴarta kuma ta bar makaranta ta koma bakin rijiya.

Ta biyu, wai ai Maraɗi ta daɗe tana cin abinci da fata, me ya bambanta jaki da akuya? Bambancin a fili yake. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai tun zamanin fataken Sahara, cikinta wata biyar ne, sau da yawa tagwaye take haifa, ana shan nononta, ana cin namanta, fatar ragowa ce. Jaka kuwa sai ta yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa guda, shi ma sai ya shekara biyu zuwa uku kafin a ɗora masa mangala. Babu garken da zai iya cike gurbin yanka irin na masana'anta. Ƙasar Sin da dukan kuɗinta da likitocin dabbobinta ta kasa. Ina ga ƙauyen da ke da jaki ɗaya a gida?

Shi kuma tsadar da ake yi wa talaka kwaɗayi da ita, ganin kitse ne ake yi wa rogo. Wanda ya sayar da jakinsa jika 80 lokacin bazara, ranar da damina ta faɗi zai tarar kuɗin sun shige cikin tukunya, sabon jaki kuma ya fi ƙarfin aljihunsa. Inda fata ta yi daraja, ɓarawo ma ya samu sana'a, a yankin da ƴan bindiga suka riga suka talauta makiyaya.

Don haka nauyi na kan hukuma. Magadan gari su sa a rubuta kowane jakin da aka sayar a kara, da sunan mai saye da shaidar maigari. Ƴan duwan da jandarmomi su riƙa bayyana wa jama'a adadin da suka kama da inda aka kai su. Dillalin da aka samu da laifi ya gurfana gaban alƙali, ko ɗan wane ne, kada a kashe magana a bakin shinge. Sarakuna da limamai su faɗa a fada da masallaci, tun ba a kai ga ihu bayan hari ba.

Ranar da jakin ƙarshe ya ƙetare Ɗan Isa, attajirin zai koma wani cinikin cikin motarsa. Kayan da jakin ya bari kuwa, an san kan da za a ɗora wa.