NAZARI: Sabbin Dokokin Tseren Babura Na 2027, Kambun Márquez Da Hannun Kamfanin Boxer A Ciki

Boxer na ɗaya daga cikin baburan da suka fi yawa a hannun 'yan kabu-kabu a birnin Sakkwato. Kamfanin Bajaj na Indiya ne ke ƙera shi, kuma tun watan Nuwamban 2025 shi ke riƙe da ragamar KTM na ƙasar Ostiriya, ɗaya daga cikin kamfanoni biyar da ke fafatawa a MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya. Kenan kuɗin da matashi ya tara ya sayi babur ɗin neman abinci yana da dangantaka, ko da ta nesa ce, da gasar da gidajen kallo ba su cika nuna ta ba saboda ƙwallon Ingila ta cinye wurin.

Gasar ta zo mararraba. Kakar 2026, mai farawa a Thailand a ƙarshen Fabrairu, ita ce ta ƙarshe da za a yi da injin cc 1000. Daga 2027 kusan komai zai canza lokaci guda.

Wa zai tare Márquez a 2026?

A ranar 28 ga Satumban 2025, a filin Motegi na Japan, ɗan Sifaniya Marc Márquez ya lashe kambunsa na bakwai a babban rukuni, na tara idan aka haɗa da ƙananan rukunoni, ya kamo Valentino Rossi na Italiya. Rabonsa da kambu tun 2019. A tsakani ya karye a hannun dama a Jerez cikin Yulin 2020, an yi masa tiyata sau huɗu, ya kuma bar Honda, kamfanin da ya yi suna a cikinsa, ya koma kan Ducati. A 2025 ya ci manyan tsere 11 da gajerun tseren ranar Asabar 14. Ƙanensa Álex ne ya zo na biyu a teburi.

Mako guda bayan bikin, Marco Bezzecchi ya buge shi a Mandalika ta Indonesiya, ya ji rauni a kafaɗar dama, kakarsa ta ƙare a nan. Shekararsa 33 a farkon kakar 2026, kuma a wannan ɓangare na jikin ne ya sha wuƙar likita. Babu mai shakkar gwanintarsa. Lafiyar kafaɗar ce za ta yanke hukunci.

Doka ma tana gefensa. An hana kamfanonin da ke gaba taɓa ƙirar injinsu a 2026, domin su karkatar da kuɗi zuwa babur ɗin 2027. Wanda ya shiga wannan daskarewa da inji mafi kyau zai fita da shi, kuma Ducati ce ta ci tsere 17 cikin 22 a 2025. Sai dai a 2024 tsere 19 ta ci cikin 20, wato tazarar ta ragu. Aprilia ta ci huɗu, uku daga ciki a tsere huɗun ƙarshe, lokacin da Márquez ke jinya. Ana iya cewa rashinsa ne ya buɗe ƙofar, amma sauran matuƙan Ducati suna nan, cikinsu har da Francesco Bagnaia mai kambu biyu, suka kasa rufe ta. Idan akwai wanda zai tsaya wa Márquez a gaba, daga Aprilia zai fito: Bezzecchi, ko Jorge Martín, zakaran 2024, in raunukan da suka cinye masa kakar 2025 sun sake shi.

Abin da dokar ta ce

Tun Mayun 2024 aka sanar da dokokin. Inji zai sauko daga cc 1000 zuwa 850. Tankin mai zai ragu daga lita 22 zuwa 20, kuma man dole ya kasance wanda ba a haƙo shi daga ƙasa ba, ɗari bisa ɗari, maimakon kashi 40 da ake amfani da shi tun 2024. Za a rage fukafukan da ke danne babur a ƙasa idan yana gudu. An haramta na'urar da ke durƙusar da babur lokacin tashi da lokacin fitowa daga kwana. Bayanan yadda kowane matuƙi ya bi hanya za su zama a buɗe ga dukkan ƙungiyoyi.

Hujjar hukuma ita ce tsaro. A 2023 Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya kai gudun kilomita 366.1 a awa a Mugello, kan KTM, alhali tsofaffin filaye ba su da sararin da za a ƙara matsar da katanga. Akwai kuma dalilin kasuwa: fukafukai sun sa wucewa ta yi wuya, tsere ya kan zama jerin gwano, kuma Liberty Media na Amurka, wanda ya kammala sayen kashi 84 na kamfanin da ke gudanar da gasar a Yulin 2025, bai zuba biliyoyin Yuro don sayar wa duniya jerin gwano ba.

An taɓa gwada irin wannan magani. A 2007 an rage inji daga cc 990 zuwa 800 da sunan tsaro. Injiniyoyi suka rama abin da suka rasa a miƙaƙƙiyar hanya da ƙarin gudu a cikin kwana, inda a nan ne aka fi faɗuwa, kuɗin kashewa kuma ya ƙaru. A 2012 aka koma 1000. Darasi na biyu daga 2007 ya fi shafar kambu: kowa ya zuba ido ga Honda da Yamaha, sai Casey Stoner ya ɗauke gasar a kan Ducati mai tayar Bridgestone. Sauyin doka ya kan fifita wanda ya fahimci taya da wuri, kuma a 2027 tayar ma sabuwa ce, domin Pirelli zai maye gurbin Michelin da ke aikin tun 2016.

Nan ne sunan Toprak Razgatlıoğlu ya shigo. Ɗan Turkiyyan ya lashe gasar Superbike sau uku, a 2021 da 2024 da 2025, duk a kan tayar Pirelli. Ya shigo MotoGP a 2026 da ƙungiyar Pramac ta Yamaha, zai sha wuya shekara guda a kan tayar da bai sani ba, sannan a juya: shi ne ɗan gari, sauran baƙi. Ba lallai tayar da Pirelli zai kawo ta zama irin wadda ya saba da ita ba, amma Yamaha ba ta ɗauke shi don 2026 ba.

Lissafin Bajaj

A Nuwamban 2024 KTM ya bayyana cewa ba zai iya biyan basussukansa ba. Wata ƙungiyar kare masu bin bashi a Ostiriya ta ruwaito a lokacin cewa janyewa daga tsere na cikin shirin rage kashe kuɗi. Bajaj, wanda ya daɗe da hannun jari a kamfanin, ya shirya kimanin Yuro miliyan 800 a Mayun 2025 ya ceto shi, daga baya ya karɓi iko. Shugabansa Rajiv Bajaj ya faɗa a fili cewa za a iya zaftare fiye da rabin kuɗin gudanarwa, ya kuma ambaci tsere a cikin abin da za a duba.

Bajaj ya gina arzikinsa ne a kan babur mai araha, mai jure ramuka da lodi, wanda bakanike a gefen titi zai kwance ya ɗaura, kuma Najeriya na cikin manyan kasuwanninsa na waje. Mai sayen Boxer a Sakkwato yana tambayar shan mai da kuɗin kayan gyara. Nasarar da aka yi a Mugello ba ta cikin cinikin. Ga kamfani mai wannan tunani, ƙungiyar da rabonta da cin babban tsere tun 2022 sai ta kawo hujja mai ƙarfi. Abin da ke hannunta shi ne Pedro Acosta, matashin da kowane kamfani ke zawarci, da kuma damar da sabuwar doka ta bayar: a farkon 2027 za a mayar da dukkan kamfanoni mataki ɗaya wajen izinin gwaji, a sake auna su a tsakiyar kaka.

Kwantiragin Acosta zai ƙare a ƙarshen 2026, haka na Márquez da Bagnaia da Martín da Fabio Quartararo na Yamaha. Dukkansu za su sa hannu a sabuwar yarjejeniya kafin a ga ko ɗaya daga cikin baburan cc 850 a fagen tsere.