Ku ne kuka hana ni ganin likita

Shekara uku na yi a jami'ar Tawa, ban taɓa karanta shafi biyu a jere hankalina bai gudu ba. Wani mako in kwana ina tsara ayyuka kamar ni zan gyara Nijar, mako na gaba ko amsa sallama ta yi mini nauyi. A gida aka ce sammu ne, a fada aka ce lalaci. Na sha rubutu, kuma ban raina shi ba, amma abin yana nan.

To me ya hana ni zuwa asibiti? Ku. Eh, ku masu cewa "a kai shi Pavillon E" duk sanda wani ya faɗi abin da bai yi muku ba, a yi ta dariya. Malbaza ƙaramin gari ne. Yau a gan ka cikin motar Kware, gobe masu binciken aure sun ji, jibi an mayar maka da kayanka.

Ga nisa kuma. Yamai ta fi kilomita 400. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato, ya fi kusa, amma sai ka tsallaka iyaka ta Konni. Tramol kuwa ba ya buƙatar kuɗin mota, shi ya sa ƙannenmu suke fara kai wa gare shi.

Muna son ma'aikacin da ya san lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin Malbaza, Konni da Illela, da ɗaki mai ƙofa, inda magana ba ta fita.

Ni dai ranar Litinin zan tafi. Wanda ya gan ni a tasha, ya je ya faɗa.