Hakin Da Aka Raina A Cikin Ruwa

Duk Basarken da ya san sana'arsa yana iya jero sunayen kifaye ba gargada: tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, giwan ruwa, gaiwa, minjirya. Wannan ilmi ne babba. To, amma kifi ba shi kaɗai ke zaune a rafi da tabki ba, kuma waɗanda aka raina su ne ke kwantar da mutane.

Masana sun kasa halittun ruwan daɗi kashi uku bisa ga mazauninsu. Akwai masu iyo da ƙarfinsu, watau kifaye. Akwai 'yan mitsi-mitsi waɗanda ruwa ke yawo da su. Akwai kuma mazauna ƙasan ruwa da jikin ciyayi, kamar katantanwa da matsattsaku.

A kashi na biyu ne ake samun ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu, wanda ake haɗiyewa da ruwan sha. A ƙidayar 1988 an sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Da aka fahimtar da jama'a, sai aka dage da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon shiga tabki. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe, a Jihar Inugu, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Sanin ƙwaro ɗaya ne ya yi wannan aiki.

Saura tsargiya, watau fitsarin jini. Tsutsarta wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. Mai cutar in ya yi fitsari a rafi, ƙwayayenta su ƙyanƙyashe, su shiga wata 'yar ƙaramar katantanwa, su hayayyafa. Bayan 'yan makonni su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Saboda haka tace ruwan sha kaɗai ba ya hana ta. Kuma kada a ɗora wa ƙaton dodon koɗin da ake sayarwa a kasuwannin Ikko da Badun laifi. Shi a tudu yake.

Ina ruwan mazauna Kudu da wannan magana? Ai su wa ke wuni cikin ruwa? Masunta, da masu wanki da guga, da masu wankin mota, da masu lambu, da masu shayar da shanu. An kuwa daɗe da samun cutar a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Oyan, kusa da Abekuta. Wani kuma daga gida ya zo da ita.

Abin takaici, har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro ce. Wannan kuskure ne. In an bar ta, takan lalata mafitsara da ƙoda, takan jawo sankara, takan kuma hana mata haihuwa. Alhali ga magani nan, Praziquantel, wanda ake auna wa mutum gwargwadon nauyinsa ko tsawonsa.

Don haka ya kamata Sarakunan Hausawa da limamai na Sabo da zango-zango su shigo cikin maganar. A hana fitsari da bahaya a bakin rafi. A ajiye ruwan wanka kwana biyu kafin a yi amfani da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba sa kai haka a raye. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, ba a yi masa kirari ba.

An kori kurkunu, tsargiya ma koruwa za ta yi. Allah Ya ba da iko, amin.