Dausayi Ba Filin Banza Ba Ne

Duk wanda ya ziyarci gandun Forsinard, can a ƙuryar arewacin Sikotilan, bisa gadar katako zai yi tafiya don kada ƙafarsa ta nutse. Ba abin da zai gani sai gansakuka da ƙananan tafkuna, da barewar Turai, da tsuntsayen ruwa masu zuwa yin ƙwai. A ƙarƙashinsa kuwa akwai baƙar laka ta ruɓaɓɓun tsirrai, wadda ke ƙaruwa da kamar milimita 1 a shekara, amma a wasu wurare zurfinta ya kai mita 10.

A shekarun 1980 attajirai suka ɗauki wurin filin banza ne. Suka haƙa magudanai, suka dasa itatuwa don samun rangwamen haraji. Laka ta bushe, tsuntsaye suka ƙaura. Sai a 1988 aka soke rangwamen, daga baya aka koma kashe kuɗi ana sare itatuwan, ana toshe magudanan. A 2024 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren gado na duniya.

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke rayar da dausayin Haɗejiya da Nguru ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suna ji a jikinsu. Muna kira ga hukuma da ta riƙa sakin ruwa a kan kari. Allah Ya sa a ji.