Sannunku da aiki, masu haɗa wayoyin rassa

Yau akawu a reshen Gusau zai ɗaga wayar tebur ya danna lamba uku, ta yi ƙara a ofishin manaja a Kano, ba tare da an ci masa kati ba. Samarin sashen kwamfuta ne suka yi wannan aiki, kuma ba kasafai ake tuna su ba sai waya ta mutu. Allah ya yi muku albarka.

Abin da ya fi burge ni shi ne kun ƙi bin hanya mai sauƙi. Da kun ga dama, da kun buɗe ƙofar SIP ta 5060 ga intanet kowa ya shigo. Amma ɓarayin layi dare da rana suke laluben wannan ƙofa, in suka dace su yi ta buga kira ƙasashen waje, kamfani ya wayi gari da bashi. Sai kuka bi da muryar ta cikin VPN, wasu da OpenVPN da James Yonan ya fitar a 2001, wasu da WireGuard da ya shiga Linux a 2020, kuka ajiye manhajar haɗa kira ta Asterisk a hedikwata. Da haka ne kuma aka rabu da tsohon ciwon nan na "ina jin ka, ba ka ji na", wanda yawanci rauta ke haddasawa idan ta sauya adireshi.

To amma fa da sauran rina a kaba. Kira ɗaya da tsarin murya na G.711 na cin kilobit 64 a daƙiƙa, in an haɗa da kunshin VPN ya doshi 100. Muddin ba ku ba murya fifiko a rauta ba, mutum ɗaya ya buɗe YouTube magana ta fara yankewa. Hukumar ITU ta ba da shawarar kada jinkirin zuwa ya wuce milidaƙiƙa 150, saboda haka ku auna kafin ku ce an gama.

Sai wuta. Duk rassa sun rataya ne a kan na'ura guda. In batirin hedikwata ya ƙare, kowa ya yi shiru lokaci ɗaya. A tanadi inbata, a kuma bar wa kowane reshe layin salula na ko-ta-kwana.

Abin da ya fi damuna shi ne makullan VPN. Ma'aikaci ya bar aiki, a soke nasa a ranar. Ku kuma rubuta yadda kuka tsara komai, ku zaunar da na ƙasa da ku ya koya, domin ranar da kuka tafi hutu reshen Gusau zai buƙaci waya.