Martani: Da Wace Wutar Za a Yi Cajin?

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce matashi ya fara duba kyan agogon zamani kafin ya saya, wai batir zance ne na baya. Ban yarda ba.

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke zaman haya a cikin gari, da ɗan acaɓan da ke jigila zuwa Kurfi, in wuta ta ɗauke, kuɗi suke biya a shagon caji. Yanzu ka ƙara musu agogon da ke mutuwa kafin isha'i. Yawancin agogunan nan ma igiyar cajinsu daban ce, mai maganaɗisu. In ta ɓace, mai shago ba shi da irinta.

Fuskar nan mai sheƙi da ka yaba, wadda ba ta mutuwa dare da rana, ita da amsa kira ta Bluetooth ne ke shanye batir. Kwanakin batir da ake rubutawa a kwali kuwa lissafin ɗan taɓawa ne jefi-jefi.

Awon hawan jinin agogo mai araha da ka ambata ya fi damuna. Kada wani dattijo ya dogara da shi ya bar zuwa asibiti.