Binciken Ciwon Dajin Nono: Kada A Bar Matan Sabo A Baya

Ciwon dajin nono shi ne dajin da ya fi kama mata a Nijeriya, kuma da yawa ba su isa asibiti sai ya riga ya ci jiki. Gano musabbabinsa kuwa ba aikin kwana ɗaya ba ne, sai an bi dubban mata shekara da shekaru ana rubuta yadda suke rayuwa.

A cikin 1976 masanan Jami'ar Harvard ta Amurka suka fara bin ma'aikatan jinya mata 121,700, suna aika musu da takardar tambayoyi kowace shekara biyu. Da irin wannan haƙuri aka tabbatar cewa shan giya, da yin ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, suna ƙara haɗarin cutar. A 2002 kuma masanan Oxford ta Ingila suka tattara bincike 47 daga ƙasashe 30, suka ga kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da wajen kashi 4 cikin 100. Ashe doguwar shayarwar da aka gada kaka da kakanni ba abin yarwa ba ce.

To, amma yawancin ma'aikatan jinyar nan Turawa ne, alhali a nan ƙasar cutar takan kama mata da sauran ƙuruciyarsu. Shi ya sa binciken da aka fara a Ibadan cikin 1998, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ke cikin jagororinsa, yake da daraja ƙwarai.

Sai dai mai bincike ba ya sanin kowa sai wadda ta amsa masa. Matar da ke Sabon Ibadan ko Agege, in kunya ko maigida ya hana ta magana, ba ta shiga lissafi, gobe kuma a tsara magani da gargaɗi ba da ita ba. Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai su ja hankalin magidanta su buɗe ƙofa. Masu bincike su ma wajibi ne su aiko mata masu jin Hausa, su nemi yardar kowace mace, su kuma rufa mata asiri.

Wadda ta ji ƙullutu a nononta kuwa, kada ta jira bincike ya iso unguwarsu, a kai ta asibiti tun da wuri. Allah Ya ƙara wa iyaye mata lafiya, amin.